Uwar Maƙera a Ɗakin Tsintuwa

A shekarun da aka tare ruwan Tiga, ni ne mai riƙe da makullin siton En'e, wato hukumar gargajiya, a Bebeji. A takarda akawun sito ne sunan aikina, amma mutanen gari mai ɗakin tsintuwa suke ce mini. Ni ba ɗan garin ba ne. Daga arewacin Kano aka turo ni, kuma ni na roƙa a tura ni ko'ina ne, don matata ta rasu a daminar da ta gabata, ba mu haihu ba, na kuma kasa ci gaba da zama a ɗakin da muka zauna tare.

Siton dogon ɗaki ne na ƙasa mai rufin kwano, can bayan ofishin hakimi, da taga ɗaya tak. A gefe guda akwai kayan hukuma da suka gama aiki: kujeru masu ƙafa uku, bencunan makaranta, kekunan duba-gari da tayoyinsu suka ruɓe, tafireta wadda haruffanta suka maƙale, fitilun ƙwai marasa gilashi. A ɗaya gefen kuma tsintuwa ce, wato abin da aka manta a mota ko a kasuwa, mai unguwa ko ɗan doka ya kawo. Bayan ɗakin akwai shinge inda ake ɗaure jaki ko akuyar da aka kama tana yawo ba mai ita.

Ƙa'idar aikin ba wuya. In an kawo abu, sai in rubuta, in gaya wa sankira ya yi cigiya ranar kasuwa. Wanda ya zo nema sai ya faɗi kamannin kayansa kafin ya gan su, ya kuma zo da mai unguwarsa ko dagacinsa ya shaide shi. In an daɗe ba wanda ya zo, sai a yi gwanjo, kuɗin su tafi baitulmali. Abin da ya ƙi sayuwa a ƙona shi.

Sai dai mutane ba sa zuwa. Talaka a wancan zamanin ba ya son abin da zai kai shi bayan ofishin hakimi. Gani yake in ya zo neman butarsa za a tambaye shi takardar haraji, don haka ya gwammace ya bar wa Allah. Wannan tsoron har ni ya shafa. A masallaci ana ba ni hannu, a hanya ana gaishe ni da girmamawa, amma ba wanda ke zama kusa da ni ya miƙe ƙafa. In na doso majalisa sai hira ta koma maganar ruwan sama da farashin gero. Ɗaki ɗaya na kama a gidan wani falke, shi kuma kullum yana kan hanya. Da rana nakan sayi fura in zauna a bakin sito in sha ni kaɗai, ina kallon ƙadangaru suna hawa bango.

Ana nan sai kayan mutanen ruwa suka iso. Haka muke kiran waɗanda aka tasa daga ƙauyukansu saboda madatsar. Lokacin ƙaura manyan motoci ne suka yi ta jigila, mutane a wata mota, kaya a wata, kuma ba duk ƙauye ne ya sauka wuri ɗaya ba. Wasu sun karɓi sabon matsugunin da aka ba su, wasu sun bi dangi zuwa Kiru ko Tudun Wada, wasu sun nausa gaba. A cikin wannan hargitsi kaya da yawa suka yi ɓatan kai. Wasu an sauke su a gefen hanya, wasu sun yi watanni a tashar Kwanar Dangora har sarkin tasha ya gaji da su. A ƙarshe aka loda aka kawo mini.

Ba wani abin kuɗi a ciki. Turame ne da taɓare, ƙyauren ƙofa, garemani, gadon ƙarfe, tukwane, ƙunshin tabarmi, sirdin jaki. Akwai allunan karatu ɗaure da igiya, waɗanda wani malamin makarantar allo ya ji labari ya zo ya ce bai kamata su zauna a ƙasa cikin ɓeraye ba. Na nemi izini aka ba shi ajiyarsu. A can ƙurya kuma aka jefar da wata uwar maƙera, ƙarfen nan mai nauyi da maƙeri ke bugun aiki a kansa, an naɗe ta da tsohon buzu. Ƙarti biyu ne suka shigo da ita suna nishi.

Sankira ya yi cigiya har muryarsa ta dushe. Shiru.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina zaune sai na ji sallama. Wani tsoho ne dogo, siriri, da sanda da malafa. Tun daga nesa ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu kamar mai shiga gaban alƙali.

"Nan ne ake ajiye kayan da suka rasa masu su?"

"Nan ne, Baba. Bismilla, sa takalmanka, ƙasar da zafi."

Bai sa ba. Ya tsuguna muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Na ce lafiya lau, kamar yadda ake cewa. Sannan ya ce shi mutumin ɗaya daga cikin ƙauyukan da ruwa ya ci ne, yanzu yana sabon matsuguni. Ƙoren matarsa yake nema, a cikin ragaya suke, babbar cikinsu ta taɓa tsagewa gyartai ya ɗinke ta da farin zare.

"Ita ta aiko ka?"

"Allah ya yi mata rasuwa, Malam. Ba ta daɗe a sabon wurin ba. Har ta kwanta ciwo tana tambayar ƙoren nan. Na ce bari dai in zo in duba, ko don in san na duba."

Na yi masa ta'aziyya, na buɗe ƙofa. Na san babu ƙore a ɗakin, amma ban iya gaya masa daga bakin ƙofa ba.

Ya shiga ya tsaya har idonsa ya saba da duhu. Sai na ga ya nufi wani turmi mai tsaguwa a baki ya dafa shi.

"Ikon Allah. Wannan ai na gidan liman ne. Kullum da asuba shi muke fara ji."

Ya matsa gaba. Ƙyauren nan na zauren wanzami ne, ga inda ɗansa ya ƙona shi da fitila. Sirdin nan na wani mai kai itace kasuwa ne. Garmar nan ba ta ƙauyensu ba ce, ta mutanen hayi ce, su ke yin ƙota gajera haka. Ya yi ta bi yana taɓawa yana magana, ba da ni yake ba sosai. Wasu kayan bai san su ba, sai ya wuce. Da ya gama zagayawa ya fito ya zauna a inuwa. Na miƙa masa furata, ya ce alhamdu lillahi, na matsa masa, ya kurɓa kaɗan.

"Ba su nan," in ji shi. "To, Allah ya sa haka ya fi alheri."

Na ɗauka shi ke nan. Ranar kasuwa ta zagayo sai ga shi kuma, da takalma a hannu. Ya ce ya zo ya ji ko an kawo sababbin kaya. Ba a kawo ba. Ya zauna, ya fasa goro ya ba ni ɓari. Daga nan ya zama duk ranar kasuwa sai ya zo, har ya daina tambayar ƙoren. Ni ma na koma sayen fura ta mutum biyu.

A hankali na san zamansa. Ɗa ɗaya ya rage masa, shi kuma ya bar noma ya koma su, yana kwana a bakin ruwa tare da masunta, sai jefi-jefi yake leƙo gida. An ba tsohon fili a sabon wuri, amma ya ce ƙasar ba ta san shi ba, shi ma bai san ta ba. Maƙwabtansa na yanzu mutanen wasu ƙauyuka ne, mutanen kirki, sai dai ba wanda zai ce masa ka tuna kaza. Wata rana na sayo soyayyen kifi a kasuwa na ajiye mana, ya ture kwanon a hankali.

"Ci abinka, Malam. Ni ba na cin na ruwan nan. Iyayena suna ƙarƙashinsa."

Ban ƙara sayo kifi ranar kasuwa ba.

Shi ya fara cewa tunda ya san masu wasu kayan, me zai hana a aika musu? Ni ma abin ya kwanta mini. Cigiyar sankira ba ta wuce kasuwar gari, masu kayan kuwa sun watsu. Sai muka shiga ba da sallahu. Shi ya san wanda ya koma Badafi wajen surukai, ya san wanda aka ce an gani a Tudun Wada. Ni kuma in je tasha in roƙi direbobi da 'yan koli masu bin kasuwanni su isar. Na kan ƙara da cewa a gaya musu ba za a tambaye su komai ba sai shaida.

Kaɗan suka zo. Ɗan liman ya zo da mai unguwa ya ɗauki turmin, suka rungume juna da tsohon a bakin sito suna tambayar wane da wance, rabin waɗanda aka ambata sun mutu. Wanzami ya aiko cewa kuɗin motar da zai ɗauko ƙyauren ya fi ƙyauren, ya yafe. Yawanci ko amsa ba mu samu ba. Duk da haka waɗannan watannin su ne na fi jin ina aiki tun da na zo garin. Nakan tashi ranar kasuwa da wuri in share bakin sito in shimfiɗa tabarma.

Abu ɗaya na lura da shi. Duk zagayen da yake yi a ɗakin, bai taɓa zuwa ƙuryar da uwar maƙera take ba. In ya zo kusa sai ya juya. Ran nan na ce masa, "Baba, wancan ƙarfen fa? Ba na ƙauyenku ba ne?"

Ya tauna goronsa, sannan ya amsa.

"Na ƙauyenmu ne. Na maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu."

"To ai shi ya fi cancanta a aika wa. Maƙeri ba uwar maƙera ai ya zama gurgu."

"Ba ma magana da shi."

Sai ya ci gaba da kansa. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwo, shi ya yi masa abokin ango. Abin da ya raba su wata ɗorawa ce a kan iyakar gonakinsu. Kowa ya ce kakansa ne ya bar ta. Matansu suka fara faɗa a kan kalwa, magana ta koma ta maza, ta je gaban dagaci, ta wuce gaban alƙali. Alƙali ya ce a riƙa raba 'ya'yan biyu. Ba wanda hukuncin ya yi wa daɗi. Tun daga ranar, in ji shi, sai dai sallama a masallaci, ita ma don ba yadda za a yi. 'Ya'yansu suka girma a haka. In garmarsa ta dakushe, gara ya taka zuwa wani ƙauye da ya leƙa katanga.

"Yanzu ina ɗorawar?" na tambaya, ban yi tunani ba.

"Ka tambayi masunta. An ce da rani in ruwa ya ja ana ganin kanta."

Ya ce gab da ƙaura maƙerin ya faɗi a bakin wuta, ɓarin jikinsa ya shanye. A kan gado aka fito da shi aka sa a mota. Shi tsohon yana tsaye a ƙofar gidansa yana kallo, maƙerin ma ya juyo ido ya kalle shi, ba wanda ya ce uffan. Bai san inda aka kai shi ba, bai kuma tambaya ba.

Ban nemi izininsa ba, na ba da cigiyar maƙerin a tasha. Aka daɗe, sannan wani direba mai bin hanyar kudu ya kawo labari. Yana raye, yana wajen 'yarsa a wani ƙauye kusa da Doguwa, bayan an ƙetare daji. Ba ya tashi, maganarsa ma ba ta fita. 'Ya'yansa maza sun bar ƙira sun tafi birni, ba wanda ya san unguwar da suke. 'Yar ta ce a gode mini, amma mijinta ba zai iya barin gona ya zo ɗaukar ƙarfe ba.

Na gaya wa tsohon. Ya tashi da wuri ran nan. Mako na gaba bai zo ba, na zauna da fura ta mutum biyu har ta yi tsami. Na sama da shi ma bai zo ba. Na fara zargin kaina da shiga abin da ba ruwana. A na uku sai ga shi, ko zama bai yi ba ya ce, "Malam, ba ni ƙarfen nan in kai masa."

Da nawa ne da na ba shi nan take. Na ce ya bari in tambaya. Shugabana yakan zo rangadi daga hedikwata, mutum ne mai sauƙin kai, na same shi na yi masa bayani tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe.

"Na yarda da tsohon," in ji shi. "Amma ba mai kaya ba ne, ba magaji ba ne. In ka ba shi yau, gobe 'ya'yan suka dawo daga birni suka ce ina uwar maƙerar ubansu, me za ka ce musu? Ka ba mutumin da suka yi shari'a da shi? Ko dai 'yar ta zo da shaida, ko a bar shi gwanjo."

"Ranka ya daɗe, mai shi yana raye."

"To ya aiko. Ni ma ba ni na yi dokar ba."

Gaskiyarsa ne, na sani. Na koma na gaya wa tsohon ina jin kunya. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Yaushe ne gwanjon?" Na ce ban sani ba, wani lokaci akan shekara ba a yi ba.

Ashe ya kusa. A lokacin ana ta maganar za a sake fasalin mulki, En'e za ta zama ƙaramar hukuma, sai umarni ya zo cewa a kwashe duk sito-sito kafin a miƙa wa sababbin shugabanni. Aka sa rana bayan girbi. Sankira ya zagaya, wannan karon ba cigiya yake ba, gayyata yake.

Ranar gwanjo leburori suka fito da komai fili suka jera. Ban taɓa ganin mutane a bayan ofishin nan kamar ran nan ba. Waɗanda ke tsoron zuwa neman nasu, ga su sun zo sayen na wasu. Har daga Kano wasu masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo da motarsu. Mai gwanjo ya hau kan tebur da ƙararrawa a hannu, shugabana ya zauna a kujera, ni ina gefe ina rubuta abin da aka sayar.

Aka fara da kayan hukuma. Kekunan duba-gari suka tafi wajen wani mai gyaran keke, bencuna wajen mai shayi. Tafireta ba wanda ya taya, mutanen Kano suka haɗa da fitilu suka ɗauka a ƙarfe. Sannan aka zo kan kayan mutanen ruwa. Na ɗaga kai na hango tsohon a bayan taro, ya dogara da sandarsa. Aka ɗaga ƙyauren wanzami, wani ya ce zai yi wa akurkin kajinsa, aka yi dariya, aka kaɗa ƙararrawa. Aka sayar da sirdin, aka sayar da gadon. Kowanne aka ɗaga sai in ga bakin tsohon yana motsi. Ina jin sunayen masu su yake faɗa.

Da aka jawo uwar maƙera aka yaye buzun, mutum uku suka matso: wani maƙerin gari, da ɗaya daga cikin mutanen Kano, da tsohon. Na san ya sayar da tunkiyarsa a kasuwar da ta wuce, ita kaɗai ce dabbar da ya fito da ita daga tsohon ƙauye. Maƙerin gari ya tsuguna ya ƙwanƙwasa ƙarfen da 'yar guduma ya saurari ƙararsa, ya gyaɗa kai, ya taya. Na Kano ya ƙara. Tsohon ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, har sai da mai gwanjo ya ce ya maimaita.

Maƙerin ya juyo ya dube shi sama da ƙasa.

"Baba, ƙira kake yi?"

"A'a, manomi ne ni."

"To me za ka yi da ita?"

"Mai ita yana kwance a kudu. Kai masa zan yi."

"Yana raye?"

"Yana raye."

Maƙerin ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Allah ya ba shi lafiya. Ni na fita." Ya koma cikin taro.

Na Kano bai fita ba. Shi nauyi yake saye, ba ruwansa da labari, ban kuma ga laifinsa ba. Suka yi ta ƙari, tsohon yana kwance bakin ɗan tsummansa yana leƙawa kafin kowace amsa. Alƙalamina yana hannuna amma na kasa rubutu. Ma'aikaci ba ya taya kayan gwanjo, ba ya kuma sa baki. Can na Kano ya sa ƙafa ya ɗan tura ƙarfen, ya yi lissafinsa a zuci, ya ce ya wuce abin da zai fitar. Mai gwanjo ya ce, "Akwai mai ƙari?" Ba wanda ya tanka. Ya kaɗa ƙararrawa.

Tsohon ya zo gabana ya juye abin da ke tsumman a kan tebur. Da aka cire kuɗin ƙarfen, abin da ya rage masa ko kuɗin mota bai kai ba. Na rubuta masa rasit na miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu. Shugabana ya kalle shi, ya kalle ni, ya sa hannu a aljihu ya ba ni wani abu a ɓoye ya ce, "In an tashi ka ba shi, na mota."

Da la'asar taro ya watse. Abin da ya rage, tabarmin da gara ta ci da fasassun tukwane da tsummoki, aka tara a bayan shinge aka cinna wuta, ni na tsaya a kai don aikina ne. Tsohon bai tsaya ya gani ba. Ya roƙi a bar masa ƙarfen a sito zuwa jibi, ya tafi ya yi sallama da ɗansa.

Ranar tafiyar na ari amalanke muka ɗora ƙarfen muka tura zuwa tasha. Na ce zan raka shi Kwanar Dangora, inda zai sami motar kudu, ya ce kada in bar aiki, na ce ai ɗakin ba komai a ciki. Muka shiga akori-kura, ƙarfen yana tsakanin ƙafafunmu. Muka kama hanya. Can ya ce, "In na je ya juya mini baya fa?"

"Ai ka kai masa kayansa, Baba."

"Haka ne."

A Kwanar muka sami babbar mota mai zuwa Doguwa. Yaran mota suka yi ta mita a kan nauyin, aka daidaita. Ya hau ya zauna a kan buhunan gishiri, ya miƙo mini hannu daga sama.

"Mako ɗaya zan yi, in Allah ya so. Ka gafarce ni, Malam, na dame ka da zarya."

"Ba abin da ka yi mini sai alheri. Allah ya kiyaye hanya."

Motar ta karya kwana ta yi kudu. Na tsaya a tashar har aka kira azahar, sannan na nemi motar komawa.

Mako ya wuce, wata ya wuce. Ranar kasuwa nakan shimfiɗa tabarma in zauna ina duban hanyar da yake ɓullowa. Ɗakin ya zama fayau, in na yi tari sai in ji ya amsa. Ba a kawo sabuwar tsintuwa ba sai wata laima da jaki ɗaya gurgu, shi ma mai shi ya zo ya karɓe shi.

Sai da damina ta kusa faɗuwa wani mutum ya yi mini sallama, da kwandon busasshen kifi a ka. Tsayinsa kaɗai ya gaya mini ko ɗan wane ne. Ya ce ya je ya dubo mahaifinsa, shi ne ya ce lallai ya biyo ya gaishe ni.

"Yana lafiya? Ya sami maƙerin?"

"Ya same shi. 'Yar ta ce da aka shigo da ƙarfen aka ajiye a gaban gadonsa, sai ya miƙa hannunsa mai lafiya ya ɗora a kai, ya ƙi ɗaukewa har aka kawo abinci. Baba kuma ya zauna a bakin ƙofa."

"Yanzu fa?"

Ya yi 'yar dariya. "Yanzu Baba ne ke fito da shi rana, shi ke juya shi, shi ke ba shi kunu. Ɗaki ɗaya suke kwana. Kuma wallahi, Malam, ba su bar maganar bishiyar nan ba. A gabana Baba ya ce kakansa ne ya bar ta, shi kuma tunda bakinsa ba ya fita sai ya riƙa dukan ƙasa da hannu yana girgiza kai. 'Yar ta ce kullum haka suke."

Na tambaye shi yaushe tsohon zai dawo. Ya ce ya yi ya yi da shi su taho tare, ya ƙi. Mijin 'yar ya yanka masa ɗan fili a bayan gida, har ya fara sharar gona. Tsohon ya ce a gaya mini ya gode, in kuma yafe masa alkawarin mako ɗaya.

Na ce ba komai, Allah ya bar su tare. Da gaske na ji daɗi. Ya ɗauki kwandonsa ya tafi kasuwa, na bi shi da kallo har ya sha kwana, tafiyarsu iri ɗaya da ta uban.

Ban sake ganin tsohon ba. Daga baya na ji a bakin direban nan cewa maƙerin ya rasu bayan kaka, tsohon kuma ya ci gaba da zamansa a can.

Sabuwar hukuma ta mayar da siton wurin ajiyar takin zamani. Aka cika shi da buhuna har rufi, warinsu yana sa hawaye. Tun da sassafe manoma ke yin layi a bakin ƙofa, kowa da takardarsa a hannu, ana turereniya ana kiran akawu, akawu. Nakan wuni ina magana har muryata ta dushe. Wanda ya karɓi buhunsa sai ya ɗora a keke ko a jaki ya yi gaba, don gona na jiransa. In layi ya ƙare sai in kulle ƙofa, in wanke hannuna da fuskata a bakin rijiya, in bi ta bayan kasuwa in koma ɗakina. A haka na yi sauran zamana a garin, har takardar canjin wurin aiki ta zo.